Girgizar Ƙasa, Duwatsu da Abin da Ke Ƙarƙashin Gidajenmu: Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Bauchi da Gombe

Duk lokacin da aka ji labarin girgizar ƙasa a wata nahiya, ko wani ya ce gadonsa ya motsa cikin dare, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga magina, masu haƙar rijiya, malaman makaranta da masu shirin sayen fili. Ga su an tattara, daga na tushe zuwa na aiki. Wanda gini ko rijiya ce damuwarsa yana iya tsallakawa gaba, amma ya fara karanta amsa ta 3, domin a kanta mafi yawan sauran suka dogara.

1. Me ke kawo girgizar ƙasa?

Ɓawon ƙasa, wanda kaurinsa a ƙarƙashin nahiyoyi ya kai kilomita 30 zuwa 40, ba dunƙule ɗaya ba ne. Ɓangare-ɓangare ne, kamar ƙwaryar da gyartai ya ɗinke. Waɗannan manyan faya-fayai suna tafiya santimita kaɗan a shekara, kusan yadda farce ke tsiro. A wurin ɗinkin duwatsun sukan cije, ƙarfi ya yi ta taruwa ɗaruruwan shekaru, ran da dutsen ya kasa ɗauka sai ya suɓuce lokaci guda. Wannan suɓucewar ce ke aika rawa ta ratsa ƙasa.

Turkiyya, Iran, Japan da Indonesiya a kan ɗinki suke zaune. Najeriya kuwa a tsakiyar faifan Afirka take, dubban kilomitoci daga gefensa. Wasu kan ce ai ikon Allah ne. Ikonsa ne mana, kamar yadda ruwan sama ikonsa ne, kuma hakan bai hana manomi sanin hadarin gabas ba.

2. Idan aka ce girgiza ta kai maki 7.8, me ake nufi?

Makin yana auna ƙarfin da ya fita daga inda dutsen ya suɓuce. Ba ƙidayar kasuwa ake yi ba: ƙarin maki ɗaya na nufin rawar da na'ura ta gani ta ninka sau 10, ƙarfin kuma ya ninka kusan sau 32. Tsakanin maki 4 da maki 6 akwai ninki dubu ke nan. Ƙasa da 2.5 galibi na'ura kaɗai ke ji. Daga 3 zuwa 4 kwanuka su yi ƙara, ƙofa ta kaɗa. A 5 ginin da ba shi da ƙwari ya fara tsagewa, daga 6 kuma rushewa ake magana.

Girgizar Turkiyya da Siriya ta ranar 6 ga Fabrairu, 2023 maki 7.8 ce, ta kashe mutum fiye da 50,000. Ta Maroko ta 8 ga Satumba na shekarar 6.8 ce, ta kashe kusan 3,000, mafi yawansu a ƙauyukan kan dutse masu ginin ƙasa. Ɓarna ba ga maki kaɗai ta dogara ba. Zurfin inda abin ya taso, taushin ƙasar wurin da ingancin gini duk suna da nasu rabon.

3. Wace irin ƙasa ce a ƙarƙashin Bauchi da Gombe?

Iri biyu ne, kuma wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Gombe ya ratsa iyakarsu ko bai sani ba. Daga yamma, wato garin Bauchi, Toro, Dass da Ningi, tsohon dutse ne mai tauri wanda ya daskare can cikin ƙasa kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, wani ma ya girmi haka. Ƙasar noma a kansa siririya ce, da an haƙa kaɗan sai a ci karo da ruɓaɓɓen dutse, sannan dutse mai tauri.

Daga wajen Alkaleri zuwa gabas labarin ya sauya. Sama da shekaru miliyan 100 baya, lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta dare ta yi wani dogon kwari wanda kogin Binuwai da na Gongola suke bi a yau. Koguna da teku suka yi ta zuba yashi, laka da ƙwanso a ciki har suka zama dutse hawa-hawa. Masana sun raɗa wa kowane hawa sunan wurin da ya fi bayyana. Daga ƙasa zuwa sama: dutsen yashi na Bima, na Yolde, laka da dutsen siminti na Pindiga, dutsen yashi na Gombe, sai yashin Kerekere a can sama, wanda ya shimfiɗa daga Alkaleri zuwa Dukku da Darazo.

A wasu wurare tsohon dutsen ya huda waɗannan hawa ya leƙo, kamar Dutsen Gombe da na Liji, da duwatsun Kaltungo. Shi ya sa a garin Gombe unguwa biyu da ke kallon juna za su iya zama a kan ƙasa iri daban, dabarar ginin da ta yi wa ɗaya ta kasa yi wa ɗayar.

4. An taɓa yin girgizar ƙasa a yankinmu? Babba za ta iya zuwa?

An taɓa yin ƙanana. Cikin waɗanda masana suka rubuta akwai ta Yola a 1984, ta Kombani Yaya a 1985 da ta Akko a 1987, biyun ƙarshe a ƙasar Gombe ta yanzu. A baya-bayan nan an ji motsi a Kwoi ta Jihar Kaduna a Satumbar 2016, da Mpape ta Abuja a Satumbar 2018. Dalili shi ne tsakiyar faifai ma ba lafiyayye ba ne sarai. Akwai tsofaffin tsage-tsage, har da waɗanda suka bi ta Gombe da Kaltungo tun zamanin darewar kwarin Binuwai, kuma matsin da ke tahowa daga nesa yakan sa ɗayansu ya ɗan gyara zama.

Irin ta Turkiyya tana buƙatar tsaga mai rai mai tsawon ɗaruruwan kilomitoci, ba mu da ita. Amma kada a ce sam. A Disambar 1983 girgiza mai maki sama da 6 ta auka wa arewa maso yammacin ƙasar Gini, wurin da shi ma nesa yake da gefen faifai, ta kashe ɗaruruwan mutane. Ta Accra a 1939 har a Legas an ji ta. Hukuncin da ya dace shi ne: haɗarin kaɗan ne, bai kai a hana ido barci ba, amma ya isa a daina gina bene da ruɓaɓɓen bulo. Abin da ke rusa gidaje a nan kowace shekara ruwa ne da laka, duba amsa ta 12, 13 da 14.

5. Akwai masu sa ido? Za su iya faɗa mana ranar da za ta zo?

Akwai, kuma a Jihar Bauchi hedikwatarsu take. Cibiyar nazarin siffar ƙasa da motsinta da ke Toro, a ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA, tana da na'urorin jin motsin ƙasa, haka ma hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa, NGSA. Ga yadda ake gano wurin: girgiza tana aika rawa iri biyu, ta farko mai gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa, ta biyu kusan 3.5. A ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin isowarsu a ninka da 8, an sami nisan a kilomita. Tashoshi uku sun isa a tsayar da wurin a taswira.

Ranar zuwanta kuwa, babu wata ƙasa a duniya da ke iya faɗa. Abin da Japan ke da shi gargaɗin daƙiƙoƙi ne bayan girgizar ta riga ta fara. Duk saƙon WhatsApp da ya ce ranar kaza da ƙarfe kaza ƙasa za ta girgiza ƙarya ne, kada a tura shi gaba.

6. Idan na ji ƙasa tana motsi, me zan yi?

A cikin ginin siminti, durƙusa, ka shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ko ka raɓe a kusurwar ciki, ka kare kai da wuya da hannu har ta lafa. Kada a ruga matattakalar bene, a nan ake tattake juna. Wanda ke ɗakin ƙasa kusa da ƙofa, tsakar gida kuma fili ne, ya fita ya tsaya nesa da katanga, tankin ruwa da turken lantarki. Katangar gida ta fi komai saurin faɗuwa, domin sau da yawa ba ta da ginshiƙi. Bayan ta lafa a rufe tukunyar gas, a duba bango, a sa ran ƙananan da kan biyo baya. A rubuta lokacin daidai da abin da aka ji, a sanar da hukumar agajin gaggawa ta jiha. Wannan rubutun yana da amfani ƙwarai ga masu bincike.

7. Haƙar bohol, fasa dutse da nakiya ko madatsar ruwa suna jawo girgiza?

Bayan abin da ya faru a Mpape an yi ta ɗora laifin a kan bohol. Rijiyar burtsatse zurfinta mita 50 ne zuwa 300, girgizar ƙasa kuwa daga kilomitoci a ƙasa take tasowa, don haka hujjar ba ta da ƙarfi. Illar yawan bohol ta gaskiya ita ce ruwan ƙasa ya ja baya rijiyoyin maƙwabta su ƙafe.

Nakiyar masu fasa dutse tana girgiza gidajen kusa, har ta tsaga filasta ta fasa gilashi, amma ƙarfinta yana mutuwa cikin ɗan nisa. Ana gane ta da cewa da rana take zuwa, a lokaci kusan ɗaya, da ƙara guda mai kaifi. Manyan madatsun ruwa kuma an tabbatar suna iya tayar da tsohuwar tsaga, kamar Koyna ta Indiya a 1967, amma tsayin waccan ya haura mita 100. Ta Dadin Kowa ba ta kai rabin haka ba.

8. Yaya aka yi duwatsun Bauchi suka hau kan juna kamar an jera su? Gaskiya ne dutse yana girma?

Ba wanda ya jera su, a ƙarƙashin ƙasa aka sassaƙa su. Tsohon dutsen yana da tsage-tsage a tsaye da a kwance. Ruwan sama ya bi tsagar yana ruɓar da dutsen, kuma kusurwa ta fi saurin ci saboda ta fuska uku ake cin ta, har murabba'in dutse ya koma mulmulalle a cikin ruɓaɓɓiyar ƙasa. Da zaizaya ta kwashe ƙasar sai mulmulallun suka rage, wani a kan wani. Inda dutsen ba shi da tsaga sosai sai ya fito santalele kamar ƙoƙon kai, yana ɓare ɓawo kamar albasa. Haka tsaunukan da suka kewaye garin Bauchi da na Mbula a Dass suka samu. Dutse ba ya girma. Tsohon da ya ce yana yaro wannan dutsen bai kai haka ba, gaskiya ya faɗa, sai dai ƙasar gindinsa ce ta tafi.

Akwai wani dutse mai duhu da ratsin kore idan an fasa shi sabo, wanda masana a duniya ke kira da sunan Bauchi, wato bauchait. Farfesa Mosobalaje Oyawoye ne ya raɗa masa sunan a farkon shekarun 1960. Ɗaliban ilimin ƙasa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a ƙofar gida suke ganin abin da wasu sai a littafi.

Ga masu gini a gindin tsauni: kada a ɗebi ƙasa ko marmara daga ƙarƙashin mulmulallen dutse, ita ce waigin da ya riƙe shi. Idan aka ga sabuwar tsaga a ƙasar bayansa, ko ruwa ya fara ɓulɓulowa daga gindinsa da damina, a kwashe iyali tukuna kafin a nemi masu fasawa.

9. Muna da dutse mai aman wuta?

Muna da gawarwakinsu. Tsaunukan Ningi da Burra, Zaranda da Shira saiwoyin tsofaffin duwatsun aman wuta ne na shekaru miliyan 150 zuwa 200 baya, dangin na Jos, kuma su suka zo da kuzar da aka daɗe ana haƙa a ƙasar Toro. Dutsen Tangale, mai tsinin nan da ake hangowa daga hanyar Billiri, narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron wani, gangar jikin ta zaizaye ya rage shi kaɗai. Mafi ƙuruciya su ne baƙaƙen duwatsun tudun Biu, inda tafkin Tila ke zaune a bakin wani tsohon rami. Duk waɗannan sun mutu. Masu rai suna Kamaru: Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000, tafkin Nyos kuma ya saki iskar da ta kashe mutum fiye da 1,700 a watan Agustan 1986.

10. To me ke ɗumama ruwan Wikki?

Ba wuta ba ce. Duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa zafi yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Ruwan sama yana nutsewa cikin dutsen yashin Yankari, ya sauka 'yan ɗaruruwan mitoci, ya ɗauki ɗumin wurin, sannan ya sami tsaga ya fito. Shi ya sa yake tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana zubar da kimanin lita miliyan 21 kullum zuwa kogin Gaji. Da hunturu a ji shi da ɗumi, da bazara a ji shi da sanyi, alhali shi bai sauya ba. Tsabtarsa kuma daga yashin da ya tace shi ne.

11. Me ya kawo ƙwanson halittun teku Ashaka da Pindiga?

Teku ce ta kawo su. Kimanin shekaru miliyan 90 baya wani siririn teku ya ratsa daga gaɓar tekun Gini ta kwarin Binuwai, ya haye inda Sahara take yau. Ƙwanson da suka taru a gindinsa su ne dutsen da kamfanin siminti na Ashaka ke ƙonawa a ƙaramar hukumar Funakaye. Masu naɗin nan kamar ƙahon rago, waɗanda yara ke tsinta, halittu ne da suka ƙare a duniya shekaru miliyan 66 da suka wuce.

Da tekun ta janye sai fadamu masu duhuwar itatuwa suka maye gurbinta, su suka zama kwal ɗin Maiganga a Akko. Lakar da ta binne ragowar ƙananan halittu ta dahu a zurfi kuma ita ce tushen man Kolmani, a iyakar Alkaleri da Akko, wanda aka sanar da samunsa a 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Nuwambar 2022. Wannan ne dalilin da ya sa ba a neman mai a Toro ko Dass: tsohon dutse ba ya ɗauke da shi.

12. Bangon gidana ya tsage. Girgizar ƙasa ce?

Da wuya ƙwarai. Dubi siffar tsagar. Sirara kamar gashi masu yaɗuwa kamar yanar gizo a filasta suke kawai, yashi ya yi laushi ko ba a ba shi ruwa ba. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana bin layin bulo kamar matattakala, ita ce ke cewa tushe ya motsa. Idan ta fi faɗi a sama, gefen ginin ne ya zauna ko tsakiyarsa ta kumbura. Tsagar kwance a gindin bango tare da ɓarewar filasta danshi ne ke hawa. Wadda ta bi layin rodi a lintal ko rufin kankare kuma tsatsa ce ta kumbura ƙarfen.

Kafin a kira birkila ya shafe, a gwada ko tana da rai. A manna ɗan siminti mai kaurin kwali a kan tsagar a wuri biyu ko uku, a rubuta kwanan wata a gefe, a riƙa dubawa duk wata har a ga rani da damina. Idan mannin bai fashe ba ta mutu, a cike ta. Idan tana buɗewa da rani tana rufewa da damina, baƙar laka ce, duba amsa ta 13. Idan faɗinta ya wuce milimita 5, ko ƙofofi sun fara cijewa, ko bangon ya karkata, wannan aikin injiniya ne, kuma kada a kwana a ɗakin kafin ya zo.

13. Yaya ake gini a kan baƙar laka?

Wannan ita ce ƙasar da ke darewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta kama takalmi ta ƙi saki. Tana da yawa inda lakar Pindiga ta fito, kamar gabashin garin Gombe, wajen Deba da Dadin Kowa, da kudu ta hanyar Cham. Idan ta sha ruwa tana kumbura da ƙarfin da ya fi nauyin gida mai hawa ɗaya, idan ta bushe ta janye ta bar tushe a rataye. Abin mamaki, ƙaramin gida ya fi bene shan wahalarta, don ba shi da nauyin danne ta. Gwajin gida: a jiƙa ta a murza a tafin hannu. Idan ta yi igiya siririya mai tsawo ba ta karye ba, kuma busasshen curinta ya gagari yatsa, a ɗauki samfur zuwa ɗakin gwajin ƙasa kafin a zana gida.

Dabarar duka ita ce a hana danshin ƙarƙashin gidan sauyawa. Idan lakar ba ta da kauri a kwashe ta gaba ɗaya. Idan tana da kauri a kai tushe aƙalla mita ɗaya da rabi, inda rani da damina ba sa taɓawa sosai, ko a zuba faffaɗan tushe guda mai rodi wanda zai ɗaga ya sauka tare. Cikon ƙarƙashin daɓe ya zama marmara, ana zubawa santimita 15 ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa, ba a juye tifa guda a baje ba. A ɗaura bim mai rodi a kan tushe, wani kuma a zagaye ginin duka a layin lintal, ba guntu-guntu a kan taga kaɗai ba. A kewaye gidan da daɓen siminti mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai gangara waje. Indararo ya kai ruwa nesa, ramin masai da na wanka su yi nesa, itace irin darbejiya kuma a ba shi tazarar tsayin da zai kai idan ya girma.

A nan ne tsumulmula ke kashe gida. Kankare na tushe da ginshiƙi buhu ɗaya ne na siminti, kwanon leburori 4 na yashi, 8 na tsakuwa, a ba shi ruwa kwana 7 aƙalla. Bulo mai inci 9 kada ya wuce 30 a buhu. Wanda aka buga 50 a buhu da hannu ake marmashe shi. Waɗannan matakan su ne dai ke riƙe gini idan ƙasa ta girgiza, don haka kuɗi ɗaya ke maganin abu biyu.

14. Me ya sa kwari ke cin unguwannin Gombe haka?

Abu uku ne suka haɗu. Garin a gangare yake, daga tudun yamma wajen Tumfure zuwa gabas. Yashin Kerekere da na Gombe ba su da abin da ya ɗaure ƙwayoyinsu sosai. Sannan kwano, kwalta da daɓe sun rufe ƙasar da a da take shanye ruwa, sai ruwan Yuli zuwa Satumba ya taru ya sauko lokaci guda. Kwari da baya yake tafiya: ruwa ya faɗo daga bakinsa, ya ƙwaƙule gindin, saman ya rufta, bakin ya matso. Sau da yawa asalinsa lambatu ne da aka gina aka yanke a tsakiyar fili ba tare da abin da zai karya ƙarfin ruwan ba, ko ramin masu ɗibar yashi.

Zuba shara a kwari ba ya tsayar da shi, ruwa ya bi ta ƙarƙashi ya tafi da ita. Buhunan yashi rana ke cinye su cikin damina ɗaya ko biyu. Abin da ke aiki shi ne a rage ruwan tun daga sama, kowane gida ya tari na rufinsa a tanki ya bar wani ɓangaren tsakar gida ba daɓe. A cikin ƙaramin kwari a jera ƙananan shingaye na duwatsu cikin ragar waya, kada tsayinsu ya wuce mita ɗaya, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa, a cusa gefunan cikin gaɓa, a shimfiɗa duwatsu inda ruwan zai faɗo. Idan aka manta cusa gefen, ruwa zai zagaye shingen ya faɗaɗa kwarin. A dasa jema, gamba ko kashe-kwari a gaɓa. Kwarin da zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu kuwa ya fi ƙarfin gayya, na gwamnati ne. Mai sayen fili ya je ya gan shi ana tsakiyar ruwan Agusta, kuma ya bar tazarar da ta ninka zurfin kwarin sau uku.

15. Me ya sa maƙwabcina ya sami ruwa a mita 40, ni na wuce 80 ban samu ba?

A kan tsohon dutse, kamar garin Bauchi, ruwa ba shimfiɗe yake ba. Yana cikin ruɓaɓɓen dutsen sama, mai kaurin mita 10 zuwa 30 galibi, da cikin tsage-tsage. Wanda ya dace da tsaga ya samu, wanda ya kauce mata da mita 20 ya haƙa busasshen fa. Ƙara zurfi a irin wannan wuri asarar kuɗi ce, domin tsagar tana rufewa ne yayin da ake nutsawa. A fara da awon ƙasa na lantarki a wuri uku ko fiye, a karɓi rahoton a rubuce. A yashin Kerekere kuwa, kamar Dukku, Kwami da sassan Akko da Alkaleri, akasin haka ne: yashin yana zarar da ruwa can ƙasa, sau da yawa sai an wuce mita 150, kuma rijiyar hannu ba ta kai wa.

Abin da ke lalata bohol bayan an samu: bututu marar kauri da ke lotsewa, matacin da aka sa ba daidai da inda ruwan yake ba, rashin zuba tsakuwa a kewayensa sai famfo ya riƙa jan yashi, da rashin toshe mitocin sama da siminti sai ƙazantar unguwa ta gangara ciki. A nisanta shi da masai mita 30. A nemi a ja ruwan sa'o'i a jere a auna yawansa kafin a sayi famfo, don famfon da ya fi ƙarfin rijiya ƙonewa yake yi.

16. Me ke rina haƙoran yara a wasu garuruwan Kaltungo da Billiri?

Sinadarin fuloraid ne da ke narkewa daga duwatsun wurin zuwa ruwan rijiya. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma idan ya wuce miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, yana ɓata haƙoran da ke ƙulluwa, wato na yara 'yan ƙasa da shekara 8. Ba ƙazanta ba ce, goge baki ba ya cire shi. Ba shi da launi ko ɗanɗano, tafasawa kuma ƙara shi take yi. A kai ruwan gwaji, domin rijiyoyi biyu a gari ɗaya sukan bambanta. Idan ya yi yawa a ware wa yara ruwan sama da aka tara da tsabta ko na wata rijiyar, wannan kuma a bar shi ga wanki da wanka.

17. Na tsinci dutse mai ƙyalli a gona. Zinariya ce?

Gwaji uku sun isa. A buga da guduma: zinariya lotsewa take yi, mai kama da ita ya farfashe. A goga a bayan tayil marar sheƙi: zinariya ta bar zane rawaya, na bogi ya bar baƙi-baƙi. A wanke a kwano: zinariya ta ninka ruwa nauyi sau 19, tana kwantawa a gindi, ɓawon ƙyalli kuwa yana yawo a ruwa kuma farce na ɓare shi. Ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa a dokar Najeriya na gwamnatin tarayya ne ko da gonar taka ce, haƙa kuma sai da lasisi daga ofishin rajistar ma'adinai, wanda ƙananan mahaƙa suka fi samu idan sun haɗu a ƙungiya.

Idan dutsen toka-toka ne mai nauyi, yana fashewa murabba'i-murabba'i, dalma ce, kuma akwai ta a ƙasar Alkaleri. Kada a kai shi gida, kada a daka shi a turmin abinci ko a niƙa a injin hatsi. Haka aka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, ƙurar ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Mai aikin ya wanke jiki ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.

Ramin haƙa kuma, da ya wuce ƙirjin mutum yana buƙatar tokari na katako, ƙasar da aka fitar a zuba ta aƙalla mita ɗaya daga baki, kuma ba a shiga washegarin ruwan sama. Janareto ko injin jan ruwa a waje ake ajiye shi, nesa da bakin ramin, a zura tiyo kawai, domin hayaƙinsa ba ya wari sosai kuma yana sumar da mutum kafin ya iya kama igiya. Idan na ciki ya yi shiru, kada na waje ya bi shi sai an hura iska cikin ramin kuma an ɗaura masa igiya a ƙugu, mutum biyu suna riƙe.